Binnen da Ban Sake Ba

Shekarar da na fara ɗaura zane, Baba ya yanka mana gayauna biyu a gefen gonarsa, gabas da Gangara, ɗaya tawa, ɗaya ta yayana. Muka yi binne, muka zuba gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Har yau in na lumshe ido ina jin ɗumin rairayin nan a diddigena, ina rufe rami, ina hango kara ya fi ni tsawo, zangarniya na sunkuyo mini kamar masu gaisuwa.

Sai aka yi yayyafi, irin wanda ke tada iri daga barci ya tafi ya bar shi. Tsiro ya leƙo kore shar, kwana biyar ya ƙone. Nawa da na yayana, rana ɗaya.

Baba ya dafa kafaɗar yayana ya ce, "Damina ce ta yi gardama. Ga iri, ka sake." Ya juyo gare ni da murmushi, ba mugunta a ciki: "Ke kuwa uwata, hannunki na tuwo ne."

Na yarda. Tuwon farko da na tuƙa aka yaba, sai na so tuwo. Yayana ya sake shuka, ya kai dami gida, ya zama manomin da ake kwatance da shi. Ni kuwa na yi shuka a gonar miji har furfura, amma da hannun aro.

Bana jikokina biyu suka faɗi jarrabawar lekol, makarantar boko. Namijin yana ɓare gyaɗa ya ce tambayoyin ne suka yi tsauri, baɗi zai ci. Macen ta tura littattafanta ƙarƙashin gado.

"Kaka, ni kaina ba ya ja. Na bari."

Na nuna jikana namijin da haɓa, na ce, "Wancan mijin nawa mai kan kabewa zai koma, ke ki zauna?"

Ta yi dariya, ido da ruwa. Na dafa kafaɗarta, na ji maganar da ba a faɗa mini ba ta fito daga bakina: "Damina ce ta yi gardama. Ki sake."

Can ta durƙusa ta jawo littafi ɗaya, ta goge shi da gefen zane.

Ni ma na ce a auno mini iri tafin hannu. Akwai ɗan fili bayan ɗakina.