Ranar da Inusah ya tsallake Jamus

Inusah yana da shagon aski a Old Kent Road, kujera biyu da madubi ɗaya mai tsaga a gefe. Ɗan zangon Kumasi ne. Ya yi shekara goma a Hamburg ta ƙasar Jamus a gidan yayansa Mutawakil, sannan wata safiya ya ɗauki jaka ya taho London bai yi masa sallama ba. Tun ranar Mutawakil bai ƙara yi masa magana ba. Shekara tara ke nan.

Bayan aski, Inusah yana da wani aiki da ba wanda ya ɗora masa. Akwai zauren WhatsApp na 'yan unguwarsu da suka watsu a Turai, mutum tamanin da wani abu. Idan babban abu ya faru, kowace ƙasa labarin kanta talabijin ɗinta take bayarwa. Na Brescia ya san na Italiya, na Amsterdam ya san na Holand, ba wanda ya san na ɗan'uwansa. Inusah ne yake bin su ɗaya-ɗaya yana tambaya, ya haɗa, ya karanta da Hausa cikin murya irin ta 'yan rediyo. Ya ce don jama'a yake yi. Mutawakil yana cikin zauren, bai taɓa cewa uffan ba, amma waya tana nuna wanda ya saurara, kuma sunansa Inusah yake fara dubawa.

Da aka yi zaɓen majalisar Tarayyar Turai a watan Yuni, safiyar Litinin ya zauna a kujerar aski kafin ya buɗe shago. Ya kawo abin da Amamata ta gani a talabijin ɗin Holand, da na Abdul-Basit daga Italiya, da Faransa, da Beljiyam. Ya rufe da addu'a, ya aika.

Matarsa Katumi ta shigo da kokonsa, ta riga ta saurara a bas.

"Baban Fadilatu, ka manta Jamus."

"Na manta?"

"Kai da ka tuna Beljiyam, inda mutum ɗaya muke da shi, shi ma ba ya sauraro."

"Tsufa ne."

"Tsufa," in ji ta, ta ajiye kokon. "Jiya na ga ka rubuta Jamus a takarda, ka ja mata layi biyu."

Inusah ya shiga goge almakashin da ya riga ya goge.

Sai wajen azahar, yana tsakiyar yi wa wani direban bas aski, wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Mutawakil, minti shida.

"Kai Inusah, Jamus ta bar Turai ne, ko kai ka fitar da ita? Ku na London da ƙasarku ta fita daga Tarayyar ne za ku ba mu labari? To saurara."

Ya zayyana duk abin da talabijin ɗinsu ta faɗa, har da gyara wa Inusah yadda yake kiran sunayen garuruwa. Daga ƙarshe muryar ta sauka. "Ka gai da Katumi. Gwiwar nan taka ta daina ciwo?"

Direban ya dube shi ta madubi. "Oga, rabin kaina fa."

Inusah ya ƙarasa askin a tsanake, ya kakkaɓe masa wuya. Ya kira Katumi ya faɗa mata.

"Na ji," ta ce. "Zaɓe na gaba sai bayan shekara biyar. Za ka jira?"

Inusah ya juya allon ƙofa ya nuna an rufe, ya zauna, ya kira Hamburg. Da aka ɗauka ya miƙe tsaye.

"Yaya, ina wuni. Na tafi ban yi sallama ba."

"Na lura," in ji Mutawakil. "Faɗa min, nawa ne kujerun shagon naka?"