Jar Motar Baba Iliyasu da Kwalekwalensa

Ban taɓa mantawa da ranar da Baba Iliyasu ya shigo garejinmu na unguwar Levenshulme a Manchester ba. Ku da kuka fara aiki bana, ku matso ku ji, don wannan ba ya cikin takardun da ake ba ku ku karanta.

Lokacin ina shekara ta goma sha ɗaya a wurin. Ni ba babban makaniki ba ne. Aikina ɗaura ƙugiyar jan tirela a bayan motoci, da tuƙa babbar motar da ke ɗauko waɗanda suka lalace a hanya. Karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni kunne. Kuma kun san ni da son gida: aiki ya wuce Stockport da ke nan kusa da mu, sai in fara neman wanda zai karɓe ni, don in ba tuwon matata Maman Aisha na ci da yamma ba, a wurina ban ci abinci ba.

Wata Alhamis ce da hantsi, lokacin zafi. Na ji motar kafin in gan ta. Inji lafiya lau, sai dai taya ta gogi gefen kwalta sau biyu kafin ta tsaya. Ƙaramar jar mota ce mai kujera biyu, rufin tamfol, ta kwanta ƙasa-ƙasa, irin ta samari masu son gudu. Sai ga dattijo ya fito da farar hula. Da zai kulle, makulli ya karci ƙofa sau uku kafin ya sami raminsa. Na ji, na riƙe a raina.

Muka gaisa. Mutumin Yeji ne, can bakin ruwan Bolta a Gana, ya yi shekaru yana tuƙa bas a Manchester kafin ya yi ritaya.

Ya ce, "Ɗana, ƙugiya nake so ka ɗaura mini. Ina da kwalekwale a bayan gida, shekara huɗu ina haɗa shi da hannuna. Ranar Asabar zan ja shi zuwa Birmingham, wurin 'yata Hajara a unguwar Handsworth. Akwai tafki kusa da su, ta nemo mini izinin saka shi."

Na ce, "Baba, da wannan 'yar tsanar za ka ja jirgi?"

Ya yi dariya. "Kai, rufe mini baki! Tun ina kan bas nake kallon irinta daga sama, ina cewa wata rana. A mafarkina kullum ita ce a gaba, jirgin a baya."

To ga yadda ƙa'idar take. Kowace mota tana da ɗan farantin ƙarfe, a ƙarƙashin bonet, wato murfin inji, ko a jikin ƙofa. Layin farko nauyin motar da kayanta. Layi na biyu nauyin motar haɗe da abin da za ta ja. In layi na biyu babu komai, masu ƙera ta ba su yarda ta ja ko keken yara ba, kuma ba a ɗaura mata ƙugiya, ko mai ita ya yi kuka. Na ɗaga bonet. Layi na biyu fayau.

Na ce, "Baba, duba nan ka gani."

Ya sunkuya, ya karkatar da kai gefe kamar mai sauraro, ya daɗe. Sannan ya ce, "Karanta mini, na bar tabarau a gida." Alhali tabaran na kan hancinsa.

Na rage murya. "Baba, idon ne?"

Ya zauna kan tsohuwar taya. Ya ce tsakiyar ganinsa ce ke dushewa, gefe ne kawai ya rage, kuma likitansa ya ce tuƙi ya ƙare. Hajara ba ta sani ba. "Sau ɗaya nake so, Haruna. In ga motata da jirgina a hanya tare, in ga jirgin a kan ruwa, kafin hasken ya tafi. Titi biyu kawai na tuƙo yau, kuma sai da gabana ya faɗi."

Na shiga ofis wurin Oga, wani Bature mai ƙarancin magana. Na ce ba ƙugiya, ba tuƙi, amma ina da shawara: mu ɗora jar motar a kan babbar motarmu, mu maƙala tirelar jirgin a baya. Ya ɗauko takarda, ya lissafa nauyi, ya duba lasina, ya ce ya yi. Sai ya ɗago kai. "Wa zai kai Birmingham? Kai? Kai da ba ka wuce Stockport?" Na ce ni. Ya kalle ni kamar na ce zan je wata.

Asabar da sassafe muka ɗaure. Ɗamara huɗu a tayoyin motar, biyu a jikin jirgin, na gwada fitilun tirela ɗaya bayan ɗaya. Jirgin shuɗi ne, siriri, bakinsa ya ɗaga sama, yana ƙamshin fenti da katako. Baba ya zauna kusa da ni, makullin jar motar a tafin hannunsa.

Muka hau babban titin M6 a layin hagu, a hankali. Hazo bai gama tashi daga gonaki ba, shanu tsaye a ciki kamar ba su da ƙafafu. Baba ya fara ba ni labarin Yeji: yadda mahaifinsa ke tura kwalekwale da asuba, yadda ruwa ke lasar katako, mata na tallar kifi a bakin gaɓa, ƙamshin hayaƙin banda. Muryarsa ta yi laushi har na daina jin injina. Na rantse muku, akwai inda na ji kamar ba kwalta ke ƙarƙashinmu ba.

Can sai wata tankar madara mai sheƙi ta zo wuce mu. Jikinta kamar madubi. Na ce, "Baba, juyo nan, duba ta gefen idonka!" A jikin tankar babbar motarmu ta ɓace daga ƙasa, ba a ganin komai sai jar mota a sama tana shawagi, shuɗin jirgi na bin ta, gajimare a bayansu. Ya riƙe hannuna. "Ga ta nan. Tana jan shi. Haruna, tana jan shi!" Tankar ta wuce, shi bai juyo ba sai da muka yi nisa.

A bakin tafki Hajara na jira da yaranta biyu. Ta ga motar a sama, ta ce, "Baba, lalacewa ta yi?" Ya ce, "Motar lafiyarta lau. Idon mai ita ne." Ya gaya mata komai a tsaye, ya kama hannunta, ya sa mata makullin. Ta rufe fuska da mayafi.

Aka sa masa rigar hana nitsewa, muka tura jirgin, ya zauna a tsakiya. Jirgin bai yi yoyo ko kaɗan ba. Baba ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru. Ruwa na lasar katako, lap, lap. Ya ce, "Ka ji? Sak na Yeji. Wannan ko ba ido zan same shi."

Na iso gida tuwo ya huce, Maman Aisha na ta yi mini tsiya wai ashe na san hanyar Birmingham.

Abin da na koya shi ne, farantin ƙarfen nan ba a yi masa gardama. Ya ce a'a, a'a ce. Amma a'a ba ita ce ƙarshen aikinku ba. Mutum ya shigo neman ƙugiya, sau da yawa ba ƙugiyar ce ta kawo shi ba. Kafin ku ɗaga bonet, ku saurari yadda ya tsayar da motar, da yadda ya kulle ƙofarta.