Tantanin Mahauci da Tattasan Baba

Wata safiya cikin watan Oktoba na 2015, ina 'yar shekara goma sha uku, na tarar da Baba tsugune gaban injin ban-ruwa a bakin kogin Komadugu, ya buɗe tankin yana ta leƙe. Babu ko ɗigon esansi, wato fetur. Tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a Diffa aka matse sayar da mai da taki don kada su faɗa hannun 'yan daji, mu kuwa manoman tattasai muka shiga uku. Damina ta ɗauke, tattasai ya fara fure, kogi cike taf yana wucewa a gabanmu, ga ruwa ga ƙishi. Gonar nan ita ce hatsinmu, ita ce suturarmu ta salla. In ta mutu sai layin agaji, wanda Baba ya rantse ba za a taɓa ganinsa a ciki ba.

Sai muka koma wa bokiti. Kafin lakwal, wato makaranta, da bayan la'asar, ni da Inna da ƙannena muna gangarawa cikin laka mu ɗebo, mu hauro gaɓa, mu zuba, ƙasa ta shanye kafin mu juya baya. Tafin hannuna ya yi kanta har na daina jin duwatsun carafke, daga baya ma wasan ya fita raina. A aji barci nake yi ido buɗe. Gajiyar shekarar nan har yau ban gama sauke ta ba.

Cikin wannan hali ne malaminmu, Mushe Gambo (haka muke kiran malamai da Faransanci), ya zo aji da kwalbar ruwa ya jiƙa kanwa a ciki, ya tsoma bakin fensir biyu, ya haɗa su da batir. Ƙananan kumfa suka fara tasowa. Ya ce ruwa iska biyu ne a haɗe: ɗaya ita muke shaƙa, ɗayar kuwa, haidirojin, ta fi esansi cin wuta. Ya gargaɗe mu cewa in suka cakuɗe fashewa suke yi, don haka ake sa shamaki a tsakani, wanda lantarki zai ratsa amma iska ba za ta wuce ba. Ni dai abu guda ya zauna mini: ashe man injinmu yana cikin kogi.

Bayan akurkin kaji na kafa masana'antata. An hana hawan babur, don haka batirin babur ɗinmu yana ajiye ba aikin fari ba na baƙi. Na riƙa kai shi caji a ɓoye wajen mai sola. Shamakin ne ya wahalshe ni. Tsumma ya bar komai ya wuce, leda ta hana komai. Sai na tuna tantanin da makaɗa ke saye wajen mahauta, fatar nan sirirya da ake ganin haske ta cikinta. Na roƙi mahaucin unguwarmu, na ɗaure ta da zare a bakin gwangwani, ta kuwa yi. Na tara iska a 'yar kwalbar turare, na kara ashana, ta ce fat! Amma kanwa ba ta ragawa tantani. Bayan 'yan kwanaki sai ya yi laushi ya ruɓe, kyanwa ta sace sauran. Inna kan toshe hanci ta ce, "Ke kam ban san ko mahauciya na haifa ko boka ba."

Warin ne ya jawo Baba wata rana da hantsi. Ya tsaya yana kallon batir da wayoyi da kwalabe. A lokacin, irin waɗannan kaya a gidan mutum sun isa sojoji su tafi da shi bisa zargin haɗa bam, ba mai tsayawa jin zancen kanwa. Bai doke ni ba. Ya tsinke wayoyin, ya jefa komai cikin salga. Ina kuka na ce don injinmu na yi. Ya ce, "Na sani, 'yata. Gara gonar ta mutu." Ta kuwa mutu, in ban da kunyoyin bakin ruwa. Kafin sanyi ya wuce na hango shi a layin agaji, ya ja rawani ya rufe fuska, ni ma na canza hanya don kada ya san na gani.

Yau ina wata ƙasa mai nisa, cikin ɗakin gwaji, aikina ƙera tantanin roba na raba ruwa. Wanda duniya ta saba da shi ana sa masa sinadarin fulorin, yana da ƙarko, amma ba ya ruɓewa. Ɓurɓushinsa kan zauna a ruwa da ƙasa har jikin mutum. Mu muna neman wanda babu fulorin, mai juriya cikin inji. Nawa yana yagewa, in sake, ya sake yagewa. Na kuma san yanzu cewa 'yar kwalbata ko tari ba za ta sa injin ya yi ba. Duk da haka, yarinyar nan mai warin tantani ta fi ni kuzari, don ita tana da gonar da take son ceta. Baba ya tsufa, bai sake noma ba, ƙaya ta cinye fadamarmu. Ilimin ya iso, amma kasuwa ta riga ta watse.