Ɗantani Mai Rijiya da Yaren Mutanen Hawayi

Duk rijiyar da ruwanta ke da daɗi tsakanin Balan da Kademi, in ka tambaya za a ce maka Ɗantani ne ya haƙa ta. Gajere ne kakkaura, mai kafiya tun yana yaro, kuma bai taɓa barin rami don ya tarar da dutse ba. Da dagi da igiya ya riƙe iyalinsa har furfura ta fito masa.

Wata bazara gefen rijiya ya rufta masa. An zaro shi da rai, amma ƙugunsa ya goce, mai ɗori ya ce sai kwanciya. Ga mutumin da bai saba zama ba, wannan ya fi ciwon zafi. Da matarsa Naja'atu ta gaji da mitarsa, sai ta miƙa masa wayarta ta ce, "Malam, ga wannan, ku ƙarata."

Ɗantani ya yi firamare, yana tsintar Turanci sama-sama. Cikin latse-latse ya faɗa kan wata tsohuwa da fure a kunne tana koyar da yaren mutanenta, mazauna wasu tsibirai da ake kira Hawayi, can tsakiyar teku. Ta ɗaga kofin ruwa ta ce "wai". Ya yi dariya har ƙugun ya amsa, don shi a saninsa wai ai maganar da ba ta da tushe ce. Sai ta ninka kalmar, ta ce "waiwai", shi ne arziki. Dariyar ta ɗauke. Ya kwanta yana kallon rufin ɗaki. Ashe akwai mutanen da tun a bakinsu suka san ruwa shi ne dukiya, abin da shi ya koya a ƙasan rami.

Daga nan bai saki wayar ba. Ya gano "maka" ido ne, in aka ninka "makamaka" ya zama amini, in aka haɗa shi da ruwa, "waimaka", hawaye ke nan. "Kin ji," ya ce wa Naja'atu, "ruwan idonsu kuka ne, namu rashin iya zaɓe." Ya ga "wikiwiki" na nufin da sauri, ya ce ai maza-maza ce ta sauya riga. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sha karatu kafin a ba shi fura. Kan ka ce me, gari ya sa masa suna Malam Waiwai.

Wansa Abdulmumin, dattijon da ake jin maganarsa a unguwa, bai ga abin dariya ba. Ya shigo ya ƙi zama.

"Ɗantani, ana cewa faɗuwar ta taɓa maka kai. In karatu kake so, ga Larabci. Wannan yaren wa za ka yi wa?"

"Yaya, Larabcin ban bari ba, ga allona can."

"To me zai ƙara maka?"

"Da nake cikin rami ba wanda ya tambaye ni abin da nake tunani. Yanzu da na kwanta kowa ya zama mai gadin kaina. Ba zan daina ba."

Abdulmumin ya kaɗe babbar rigarsa ya fita.

Ba a jima ba Ɗantani ya ji tsohuwar ta ba da labarin da ya hana shi sukuni. Ta ce an yi zamanin da aka fitar da yarensu daga makarantu, ana hukunta yaron da ya yi shi, har ya kusa ƙarewa, sai jikoki suka bi tsofaffi suna tambaya. Nan ya tuna mahaifiyarsu. Bafulatana ce daga Gafasa. Dangin miji suka yi ta kwaikwayon bakinta har ta haɗiye Fulatancinta, ta rasu 'ya'yanta ba su iya ko gaisuwa ba. Amma ƙanwarta, Yafendo Hure, tana nan da rai.

Da ya fara takawa da sanda, ya nemi 'ya'yan wansa su kai shi Gafasa a babur. Abdulmumin ya hana su. Ɗantani bai roƙi kowa ba. Ya ɗingisa har bakin hanya, ya tsayar da motar 'yan kasuwa, ya zauna a kan buhun gero.

Ya tarar da Yafendo Hure a gindin ɗorawa tana tsince wake. Bayan gaisuwa ya ce, "Yafendo, yaya ake ce wa ruwa?"

Ta dube shi. "Sai da ka yi furfura?"

"Sai da na yi."

"Ndiyam."

Ya faɗa, ta ce bai faɗa ba, ta sa shi ya sake har ta gamsu. Ta ba shi "kosam", nono, da "nebbam", mai. Ya buga sandarsa a ƙasa. "Yafendo, ashe duk abin da ke zuba ƙarshensa ɗaya!" Ta ce ita ba ta taɓa lura ba, haka ta sha a nono, kuma ya rage ihu kada ya firgita mata kaji.

Ɗantani bai sake shiga rami ba. Yanzu shi ke nuna wa samari inda za su sara, yana zaune a bakin rijiya yana musu faɗa. Wayar Naja'atu ta zama tasa, Gafasa kuma ta zama gida, ko wata ba ya rufawa bai je ba. Kullum da safe yakan tsaya a ƙofar wansa ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, a waali jam?" wato ka kwana lafiya. Abdulmumin sai ya kau da kai ya amsa da Hausa a ciki-ciki. Gobe Ɗantani ya dawo.