Wasiƙar da Anti Rabi ta ba ni amana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina wanke-wanke Mama ta leƙo ta ce Anti Rabi ta rasu.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata uku ke nan ina riƙe da wasiƙar da ta ba ni in kai wa yayana, Sadiq. Tana tsakiyar wani littafin soyayya a ƙarƙashin katifata.

Ga waɗanda ba su san ta ba, maƙwabciyarmu ce a nan Tudun Wada, lauya, tana koyarwa a jami'a, harabar Kongo. Ita ke ara mini littattafai. In na mayar sai ta ce, "To, sun yi auren ko har yanzu ana kuka?" Ni dai sai in sunkuyar da kai.

Da aka sallamo Yaya daga gidan yari kafin wa'adinsa ya cika, sharaɗi biyu ne a takardar kotu: ya je ya sa hannu duk Litinin, kuma kada ya bar Zariya sai da izini. Jami'in da ke sa ido a kansa ya ƙara nasa da baki, wai ba shi ba shiga taro, ko da Juma'a ce, ko suna, ko jana'iza. Yaya ya ji tsoron a mayar da shi, ya zauna a gida.

Da Anti ta ji, ta cire tabarau ta ce, "Rage masa 'yanci aka yi, ba ƙwacewa duka ba. Tsarin mulki bai ba kowa ikon hana shi masallaci ba, balle da baki." A gabana ta rubuta, ta buga hatiminta, ta ce ya kai ofishinsu ranar Litinin.

Ban ba shi ba.

Tunda aka hana shi fita, tare muke cin abinci. Mama ta daina tsayuwa a zaure tana leƙen hanya. Na yi tunanin in ya fara zuwa Juma'a, daga can sai majalisarsu ta Gyallesu, wajen waɗanda suka ja shi ga abin da ya kai shi gidan yari tun farko.

Ganina da ita na ƙarshe, ta sauko daga napep, ta dawo daga asibiti. Ta ce, "Ƴar littafi, ya kai musu takardar?" Na ce eh. Ta ce, "Madalla. Ki ce ya riƙa sa ni a addu'a in ya je masallacin."

Ƙarfe biyu za a yi mata sallah. Yaya ya yi wanka, ya sa hula, yana zaune a zaure tun ɗazu yana jin mutane na wucewa gidansu. Ya ce wa Mama da za a bar shi, da shi za a ɗauki makarar.

Ban san ko takardar za ta yi aiki a yau ba. Ban san me zai ce mini ba.

Allah Ya jiƙan Anti Rabi, Ya yafe mata, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a, ni ma ya roƙa mini gafara.

Na ciro wasiƙar daga littafin. Ina ajiye wayar nan zan je zaure in miƙa masa.