Aikin da Ba a Biyan Albashi

Duk lokacin da aka turo mini sababbin ɗalibai sashen mata, nakan ba su labarin Ladi, domin ranar da na sadu da ita ba ta fita daga raina ba har yau.

Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya aka tura mu horo a wani asibiti a nan Jalingo. A lokacin ba na iya ɗaga ido in kalli likita. Sista Rifkatu, babbar nas ɗin sashen, har laƙabi ta sa mini, wai Kurma. Aikina a ɗakin hoton ciki shi ne in kwantar da mara lafiya, in miƙa man da ake shafawa kafin a ɗora na'ura, in goge idan an gama.

Ladi 'yar Mumuye ce mai sayar da doya a Kasuwar Jalingo, Hausarta kuma ta kasuwa ce. Ta daɗe tana fama da ciwon mara, duk inda ta je sai a ce ciwon sanyi ne, a ba ta ƙwayoyi. Ranar ta zo da amai tun daren jiya. Dokta Buba ya yi mata tambayar da ake yi wa kowa.

"Mama, kin taɓa yin aiki?"

"Ni ba ya aiki, Dokta. Doya ne ni yana sayarwa."

Ga wanda ba ma'aikacin asibiti ba, a bakinmu aiki yana nufin tiyata. Dokta ya ji "ba ya aiki", ni ma abin da na ji ke nan. Ya ɗora na'ura, ya duba mahaifa, bai ga komai ba. Ya ce wataƙila ƙwayoyin da take sha ne suka tayar mata da zuciya, zai canza mata wasu ta koma gida. Ya wuce tebur yana rubutu.

Ladi ta ɗaure zaninta tamau saboda kunyar namiji. Sai da ya juya baya ta sassauta don in goge mata man. A nan na ga wani siririn layi kwance a ƙasan mararta, ya ɓuya a cikin ninkin fata. Hannuna ya tsaya. Na karanta cewa bayan tiyata ciki yakan yi tabo daga ciki, tabon ya manne hanji da bangon ciki ko da mahaifa, kuma hoto bai cika nuna shi ba. Wani lokaci yakan shaƙe hanjin. Idan haka ne, mace mai amai ba ta gida ba ce.

Na sunkuya na ce a hankali, "Mama, wannan fa?"

"Wannan? Sun yanka ni ne, sun cire yaro."

Dokta ya riga ya miƙa takardar magani, Sista tana kiran mai bi. Ina ta tunanin idan na yi kuskure fa, idan ya riga ya gani fa, ɗaliba ce za ta tsayar da layi? Ladi ta sauko daga gado tana dafe da ciki, tana laluben takalminta da ƙafa. Na tuna ta ce ƙauyensu yana can gaba da Nukkai, ga damina, ga hanya. In ta tafi, ba lallai ta dawo da ƙafarta ba.

"Dokta," na ce. Bai ji ba. Na sake cewa, "Dokta, an taɓa yi mata tiyata."

Sista ta juyo. "Ikon Allah, yau Kurma ta yi magana!"

Dokta bai yi dariya ba. Ya ce Ladi ta koma ta kwanta, ya ga tabon da idonsa. Ya tambaye ta yaushe rabonta da bayan gida, ta ce shekaranjiya. Iska fa? Ta rufe fuska da mayafi, ta ce ko ita ba ta fita. Ya sake ɗora na'urar, ya ce ta ja dogon numfashi. Ya nuna mini allon, ya ce a cikin lafiyayye kayan ciki sukan zame a ƙarƙashin bango idan an ja numfashi. Nata a wajen tabon ko motsi ba su yi ba, ga hanji ya fara kumbura.

"Mama, me ya sa kika ce ba ki taɓa aiki ba?"

"Ai kai ka tambaya aiki. Ni ba ya aikin gwamnati."

Ya yage takardar maganin. Aka kwantar da ita, aka hana ta ci da sha, aka sa mata ruwa a jijiya da roba ta hanci, aka kira likitan tiyata. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba, ina ta leƙa gadonta. Da aka ga cikin bai saki ba, washegari aka shiga da ita ɗakin tiyata. Likitan ya ce wani zaren tabo ne ya ɗaure hanjin, an yanke shi kafin hanjin ya lalace.

Ranar sallama ta kama hannuna, ta ce, "'Yata, yanzu ni ya yi aiki biyu, har yanzu ba albashi." Sista Rifkatu ta yi dariya har da hawaye.

Abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne, a garin nan Hausa aron juna muke yi da ita, kalma ɗaya kowa da abin da yake ji. Tun daga ranar ban ƙara tambayar mace ko ta yi aiki ba. Nakan ce, "Mama, an taɓa yanka cikinki?" Ko ta ce a'a, sai na ja labule, na roƙe ta ta sassauta zani, na duba da idona.