Tafkin Kwalta

Ranin da na je Tambuwal aikin hanya, a ƙarƙashin wani mai awon hanya aka sa ni. Baƙi ne wuluk kamar mu, amma Turanci a bakinsa kamar ruwa, Hausarsa kuwa ta koyo ce, namiji ya zama mace, mace ta zama namiji. Muka yi ta mamakin inda Nasara suka samo shi. Ya ce daga wani tsibiri yake, can bayan teku, kuma kakanninsa daga ƙasashenmu aka kwashe su. Tun daga ranar na ji ya kwanta mini a rai. Bai taɓa zagin lebura ba, kuma a ƙwarya ɗaya yake shan fura da mu.

In an tashi hutun azahar sai ya hau ba mu labarin garinsu. Ruwan teku garau, kana tsaye iya wuya kana ganin yatsun ƙafarka. Kunkuru mai faɗin fatar bijimi yana fitowa kan rairayi ya yi ƙwai. Jajayen tsuntsaye suna rufe itatuwa da almuru. Sai kuma tafki guda na kwalta, irin wadda muke shafa wa katakon gada, mutane na tafiya a kansa, in an haƙa yau a tarar ya ciko bayan kwana biyu. Wai har jirgin ruwa mutane ke shiga su zo kallo kawai, ba fatauci ba, ba ziyarar dangi ba.

Ni da bakina ba ya riƙe magana, ina komawa Kebbe na zazzage duka a dandali. Kunkurun aka bar mini, tsuntsayen ma aka yafe. Tafkin ne ya kashe ni.

"To shanunsu mi suka sha?" in ji kawuna. Aka fashe da dariya, kafin mako sunana ya koma Tafkin Kwalta.

Da wasa na ɗauka, har yammacin da na ga watan azumi, siriri kamar zare, ni kaɗai. Na ruga na gaya wa mahaifina. Bai ko tashi daga buzunsa ba.

"Cikin tafkin naka kag ganai?" ya ce.

Ba a kai shaidata ko'ina ba. Washegari da hantsi manzo ya iso, ashe an ga wata a wasu garuruwa, garinmu kuwa duk an riga an karya kumallo. Ba wanda ya ba ni haƙuri. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don a gidanmu maganar mutum ita ce rigarsa.

Da na koma aiki na ba mai awo labari ina dariyar yaƙe. Shi bai yi dariya ba. Ranar hutunsa ya hau keke, inda rairayi ya hana shi ya tura, ya iso Kebbe da la'asar ƙafafu duk ƙaya. Ya durƙusa gaban mahaifina kamar ɗan gida, ya miƙa masa hoton tafkin, ga mutane da huluna tsaye kan baƙin fili.

Tsoho ya juya hoton sama da ƙasa. "Wanga ai fako na," ya ce. Mai awo ya yi ta bayani, Hausa ta ƙare masa, gumi na zuba. Mahaifina ya daina duban hoton, ya koma duban ƙafafun baƙon. Duk da ana azumi, ya sa aka kawo masa ruwa da fura.

Har mahaifina ya rasu bai yarda da tafkin nan ba. Amma da azumi ya zo ƙarewa, ranar ashirin da tara, ana gama alwalar magariba ya kira ni gaban kawuna da kowa.

"Tashi ka dubo muna wata," ya ce. "Abin da kac ce, shi za mu kai ma liman."